Jiya haramun, yau halal: yadda ra'ayinmu kan ikon gwamnati ke bin iskar jam'iyya

Duk wanda ya daɗe a Facebook ko X ya san wasan nan na tono tsohon fostin. Mutum ya yi dogon rubutu yana kare wani mataki na gwamnati, kafin ya ajiye waya wani ya ɗauko hoton abin da ya rubuta shekara takwas ko goma da suka wuce, inda yake tsine wa irin wannan matakin sak, ya manna masa a kwament. Sai dariya ta ɓarke, a yi ta yaɗawa, mai fostin ya goge ko ya toshe wanda ya tono shi. Gobe kuma shi ma mai tonon a tono nasa.

Abin dariya ne, amma idan ka zauna ka yi tunani akwai abin tsoro a ciki. Domin abin da ake sauya baki a kansa shi ne tambaya mafi girma a siyasa: ina ne iyakar ikon gwamnati? Shin gwamna na da hurumin korar zaɓaɓɓen ciyaman? Shin gwamnati na iya kashe sabis ɗin waya ta bar mutane wata da watanni? Shin tana iya rufe kafar sada zumunta don an ɓata wa shugaba rai? Da yawanmu amsarmu ɗaya ce: ya danganta da wanda ke kan kujera. In namu ne, daidai ne. In nasu ne, zalunci ne.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa sanin kuɗin da ake biya idan aka bar wannan tambaya a hannun son rai.

Mene ne gwamnati mai iyaka?

Kafin wani ya yi mini mummunar fahimta, bari mu fayyace. Idan aka ce gwamnati mai iyaka, wasu na ɗauka ana nufin gwamnati ta janye hannunta daga komai. Mutumin da ke kwana da ido ɗaya a ƙauyukan da ke bakin daji, wanda bai iya zuwa gonarsa ba sai da fargaba, ba zai taɓa neman gwamnati ta ƙara nisa da shi ba. Shi kukansa ma rashin ganin gwamnatin ne. Kundin tsarin mulkin 1999 a sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, kuma babu wanda ke jayayya da wannan.

Abin da ake nufi shi ne doka ta shata wa mai mulki layi, ya san inda zai tsaya. Shugaban ƙasa na da nasa hurumin, gwamna na da nasa, ƙaramar hukuma na da nata, kotu da majalisa suna sa ido. Kuma layin nan ba ya matsawa don jam'iyya ta sauya. Wannan shi ne wurin da muke faɗuwa jarrabawa, mu da manyanmu baki ɗaya.

Rana ɗaya, hukunci ɗaya, jam'iyyu biyu

Idan kana neman misalin da ya fi kowanne fito da maganar fili, ba sai ka bar Katsina ba.

PDP ta mulki jihar nan shekara 16, daga marigayi Umaru Musa 'Yar'adua a 1999 zuwa ƙarshen wa'adin Ibrahim Shehu Shema a 2015. Da guguwar canji ta kaɗa, Aminu Bello Masari na APC ya hau. Bai daɗe da hawa ba, a cikin 2015 ɗin, ya rushe shugabannin ƙananan hukumomi 34 da kansilolinsu, waɗanda aka zaɓa a ƙarƙashin PDP, bisa zargin almundahana da kuɗin jama'a. Cikinsu har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Magoya bayan APC suka yi tafi, 'yan PDP suka ce an yi wa dimokuraɗiyya karan tsaye, suka garzaya kotu.

Shekara huɗu bayan haka, sai ga hoton nan ya juya a jihar Oyo. Seyi Makinde na PDP ya karɓi mulki ranar 29 ga Mayun 2019, nan take ya rushe shugabannin ƙananan hukumomin da aka zaɓa a ƙarƙashin APC zamanin marigayi Abiola Ajimobi, yana mai cewa zaɓen nasu bai bi ƙa'ida ba. Yanzu kuma APC ce ke kuka, PDP ke kare gwamna. Har ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya rubuta wa gwamnatin Oyo wasiƙa a farkon 2020 cewa a mayar da su kujerunsu. Masu lura suka ce to, na Katsina fa?

Ranar 7 ga Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan shari'o'in biyu. Ta ce abin da aka yi a Oyo ya saɓa wa tsarin mulki, abin da aka yi a Katsina ma ya saɓa wa tsarin mulki, ta kuma ba da umarnin a biya waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. Hujjar tana sashe na 7 na kundin tsarin mulki, wanda ya lamunce cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙa tafiyar da ƙananan hukumomi.

Ka duba fa. Gwamnan APC ya kori 'yan PDP, gwamnan PDP ya kori 'yan APC, kotu ta ce dukkansu sun tsallake layi. A ranar, kowace jam'iyya ta yi nasara kuma ta sha kaye a lokaci guda. Wanda duk ya yi murna da hukuncin Oyo ya yi gum a kan na Katsina, ko ya yi akasin haka, to ya gaya mana da bakinsa cewa doka ba ta dame shi ba, jam'iyya ce ta dame shi. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To wa ya yi asara? Ciyamomin da aka kora an ce a biya su. Gwamnonin sun ci gaba da mulkinsu. Wanda ya tashi a tutar babu shi ne talakan da ya yi shekaru ba shi da zaɓaɓɓen kansilan da zai je ya buga wa ƙofa idan rijiyar burtsatse ta lalace ko rufin aji ya yaye. A Katsina sai a watan Afrilun 2022 aka sake yin zaɓen ƙananan hukumomi. Kusan shekara bakwai ke nan, kuma a cikin waɗannan shekarun ne matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a yankin. Ban ce rashin zaɓaɓɓun ciyamomi ne ya kawo ta ba. Amma a daidai lokacin da ƙauyuka suka fi buƙatar wakilin da ke jin tsoron ƙuri'arsu, waɗanda ke riƙe da sakatariya sun san wanda ya ajiye su a wurin, kuma shi suke kallo.

Labarin kuɗin ƙananan hukumomi ma haka yake juyawa. A 2004 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta PDP ta riƙe kason ƙananan hukumomin Legas saboda gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiri ƙarin ƙananan hukumomi 37. Tinubu ya tafi Kotun Ƙoli, a watan Disambar shekarar kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin. Sai da ɗan Katsina, 'Yar'adua, ya hau mulki a 2007 sannan aka saki kuɗin. Bayan shekara 20, gwamnatin Tinubu ce ta maka gwamnoni 36 a kotu, inda ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai-tsaye, kuma kada a ba kantomomin riƙo. Gwamnoni daga jam'iyyu daban-daban ba su yi farin ciki da wannan ba, aiwatar da hukuncin kuma ya yi ta jan ƙafa. A nan za ka gane cewa wani lokacin ma kujerar da mutum ke kai ce ke zaɓar masa ra'ayi, tun kafin a zo maganar jam'iyya.

Lokacin da waya ta zama fitila kawai

Matasan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba za su manta da ƙarshen 2021 ba. A ƙarshen watan Agusta gwamnatin jiha ta fitar da dokar daƙile matsalar tsaro: aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana goyon mutum biyu a babur. A watan Satumba kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, waɗannan ukun na ciki. Haka aka zauna har wajen ƙarshen shekara.

Wanda bai zauna a ciki ba, ba zai gane ba. Mai POS ya naɗe tebur. Ɗalibi ba ya iya duba sakamako ko cike fom. Wanda ɗansa ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ba ya jin muryarsa, ba ya ganin alat. Don kiran waya ɗaya sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa garin da ke da sabis. Idan kuma aka kawo hari cikin dare, babu yadda za a yi a kira ɗauki.

Gaskiya ita ce, mutane da yawa a yankin sun goyi bayan matakin da zuciya ɗaya, domin kowa ya san masu kai wa 'yan bindiga rahoto da waya suke amfani, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Wannan hujja ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma ga abin lura: a 2013, lokacin da Goodluck Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an katse layukan waya a can ma, da irin wannan hujjar ta tsaro. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: abin da ka ce a 2013 shi ka ce a 2021? Idan ka ce na farko ƙuntata wa Arewa ne, na biyu kuma dabara ce ta tsaro, me ya bambanta su ban da sunan mai mulki?

Mai tsayayyen ra'ayi zai iya goyon bayan duka biyun, ko ya ƙi duka biyun. Zai kuma iya cewa ya yarda da matakin amma da sharaɗi: a faɗi dokar da aka dogara da ita, a sa wa'adi, majalisa ta riƙa dubawa, a ƙarshe a fito a gaya wa jama'a abin da aka cimma da abin da aka yi asara. Waɗannan tambayoyin ba su da jam'iyya. Su ne muka kasa yi da ƙarfi, saboda rabinmu na tsoron kada a ce suna yi wa gwamnatinsu zagon ƙasa, sauran rabin kuma zagi kawai suka iya.

A 2021 ɗin dai, ranar 4 ga Yuni, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaba Muhammadu Buhari. Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, daga baya kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa wa doka. Jam'iyyar da ta yi wannan ita ce wadda matasan soshiyal midiya suka yi wa aiki ba dare ba rana a yaƙin zaɓen 2015. Da gwamnatin Jonathan ce ta rufe Twitter a 2014, me kake jin za mu rubuta?

Tallafin mai da dokar ta-ɓaci

Maganar tallafin mai kowa ya haddace ta, don haka ba sai na ja ta ba. Ranar 1 ga Janairun 2012 Jonathan ya cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta tsaya cak daga Legas har Kano, sai da aka dawo da ita 97. 'Yan adawar lokacin suna cikin na gaba wajen yin tir. A Mayun 2016, a ƙarƙashin APC, lita ta koma 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabinsa na rantsuwa. Abin da mutane ke mantawa shi ne Atiku Abubakar da Peter Obi ma sun yi alkawarin cire shi a yaƙin zaɓen 2023. Wato da ɗayansu ne ya ci, da masu karewa da masu zagi sun yi musayar wuri ne kawai.

Dokar ta-ɓaci ma haka. Obasanjo ya dakatar da gwamna Joshua Dariye na Filato a 2004, PDP na mulki. A ranar 18 ga Maris 2025 Tinubu ya dakatar da gwamna Siminalayi Fubara na Ribas da majalisar jihar na wata shida, sai ga gwamnonin PDP a Kotun Ƙoli suna ƙalubalantar ikon shugaban ƙasa na yin haka. Sandar da ka yi shiru aka sassaƙa don ta daki abokin hamayyarka, tana nan jingine a ofis ranar da za ka bar shi.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne

Wannan cuta ba ta Najeriya ba ce kaɗai. A Amurka, inda maganar rage girman gwamnati ta zama kamar aƙida, haka ake yi. 'Yan jam'iyyar Republican sun tayar da jijiyar wuya kan bashin ƙasa zamanin Barack Obama, amma a wa'adin farko na Donald Trump bashin ya ƙaru da kusan dala tiriliyan 8, muryoyin da yawa suka yi sanyi. Shi kansa Obama, yana sanata a 2006 ya kaɗa ƙuri'ar ƙin ɗaga iyakar cin bashi, da ya zama shugaban ƙasa kuma shi ne ke roƙon majalisa ta ɗaga a 2011. Ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Bambancin shi ne inda kotuna da majalisa da 'yan jarida ke da ƙarfi, ko ɗan siyasa ya sauya baki, layin doka na nan. A wurinmu kuwa hukuncin da ya shafi rushe ƙananan hukumomin Katsina sai da ya ɗauki kusan shekara shida, lokacin wa'adin waɗanda aka kora ya daɗe da ƙarewa.

Sauya ra'ayi laifi ne?

A'a. Mutum na iya ƙin abu a 2012, ya ƙara ilimi, ya ga alƙaluma, ya yarda da shi a 2023. Wannan girma ne. Amma mai sauya ra'ayi na gaskiya yana da alama: zai fito ya ce a da na ce kaza, yanzu na gane na yi kuskure, ga dalilina. Kuma sauyin nasa ba ya faɗowa daidai ranar da jam'iyyarsa ta karɓi mulki, ko ranar da aka fara tura masa kuɗin data. Wanda ra'ayinsa ke juyawa duk ranar 29 ga Mayu, kalanda ce ke masa tunani.

Su manyan ma ai ba a wuri ɗaya suke tsayawa ba. Masari ya yi kakakin majalisar wakilai daga 2003 zuwa 2007 a PDP kafin ya bar ta. Shema da aka yi ta fafatawa da shi ya shigo APC a 2023. Ita kanta kujerar majalisar wakilai ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a zaɓen 2023 PDP aka ce ta ci, kotu ta sa a sake zaɓe a wasu rumfuna, a Fabrairun 2024 APC ta karɓe. Su suna sauya sheƙa su gaisa a wurin ɗaurin aure, kai kuma ka ɓata da abokinka na ƙuruciya a kan fostin.

Gwajin da za ka yi wa kanka

Ga wani abu mai sauƙi, ba ya cin data. Duk lokacin da gwamnati ta ɗauki wani mataki, kafin ka taɓa allon waya, cire sunan mai mulkin ka sa sunan ɗan siyasar da ka fi ƙi a duniya. Ka ce shi ne ya kori ciyamomi, shi ne ya kashe sabis, shi ne ya sa aka kama mai sukarsa a Facebook. Har yanzu ka yarda? In ka yarda, to ra'ayinka ne, ka kare shi da hujja. In ka ji zuciyarka ta yi tsalle, to ka san abin da kake karewa.

Sannan ka tambayi abu uku: wace doka ce ta ba da wannan ikon? Yaushe zai ƙare? Wa zai binciki wanda ya yi amfani da shi? Ka yi wa gwamnatin Dikko Raɗɗa waɗannan tambayoyin, ka yi wa ta Tinubu, ka kuma adana su domin duk wanda zai zo bayansu. Idan kai ɗan jam'iyya mai mulki ne, muryarka ta fi ta ɗan adawa nauyi a nan, domin shi an riga an san zai yi suka.

Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. A 2014 an kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A lokutan biyu an samu waɗanda suka fi damuwa da kare sunan gwamnati fiye da hawayen iyaye, illa dai sun yi musayar riga. Uwar da ta kwana a ƙofar makaranta tana jiran ɗanta ba ta tambayi jam'iyyar kowa ba. Gwamnatin da za ta kare mata ɗa take so, wadda kuma ba za ta taka ta ba.

Zaɓe na tafe, za a sake raba riguna, wasu za su hau wasu za su sauka. Abin da ka rubuta yau yana nan a ajiye, kuma akwai mai jiran ya tono shi. Ka rubuta abin da ba za ka buƙaci gogewa ba.